Ba Baba Ilu Ne Ya Harbi Akuyar Ba

Ran Talata da hantsi ina biro, wato ofis, ina jera takardun rabon iri ga manoma, sai wani direba da ke jigila tsakanin Matameye da Dungu ya leƙo ta taga.

"Sakatare, ka ji an yi rashi a garinku?"

Na ce, "Wa ya rasu?"

"Tsohon nan maharbi."

Na ce masa tsofaffin maharba a Dungu ai ba ɗaya ba ne.

"Haba, mai akuya mana. Da asuba Allah ya karɓi abinsa."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na maimaita ban san sau nawa ba. Na rufe takardu, na sake buɗewa, na miƙe, na koma na zauna. Direban nan ba shi da mugun nufi, sunan da ya sani ne ya faɗa. Amma sunan marigayin Iliyasu, mu da muka tashi a gabansa muna ce masa Baba Ilu. Shi ya koya mini riƙon baka. Laƙabin "mai akuya" ya bi shi shekara tara har ranar rasuwarsa, kuma ni na jawo masa shi. Abin da ya hana ni sukuni ke nan tun daga wannan Talatar, kuma shi ya zaunar da ni rubuta wannan.

Na je wurinsa ina saurayi, bayan na bar kwaleji ban samu aiki ba. Abokin mahaifina ne. Tun ina ɗan makaranta a lakwal nake rubuta abin da ya faru kowace rana a kaye, wato littafin rubutu, don ban cika yarda da kaina ba, abin da ban rubuta ba sai in riƙa shakkar ko ya faru. Ranar farko da muka fita daji na ciro kaye da bik, sai ya tsaya ya dube ni.

"Wannan fa na mene ne?"

"Zan rubuta abin da ka ce, Baba."

"To madalla, Sakatare. Ka rubuta da kyau, in barewa ta zo sai ka karanta mata."

Daga nan sunan ya kama ni, tun kafin in zama sakatare na gaske.

Mutum ne mai tsari da kayansa. Bai taɓa shiga gida da baka a ɗane ba. A ƙofar zaure yake sassauta tsirkiya, ya shafa mata man shanu don kada ta bushe ta tsinke. Kwarinsa mai kibau masu dafi a can saman rumbu yake rataye shi, inda hannun jikoki ba ya kaiwa. Kyauro, wato karan da ake dasa ƙarfen kibiya a kansa, da kansa yake yankowa a fadama, ya shanya a inuwa, ya miƙar da shi bisa garwashi yana kanne ido ɗaya. Kowane maharbi yana da alamar da yake yi wa kibansa. Tasa zane uku ne na wuta a gindin kyauro. A dokar maharba, abin da kibiya ta yi mai alamar ne ya yi: in nama ne nasa ne, in ɓarna ce ita ma tasa ce.

Barewa ta riga ta yi ƙaranci a wajenmu tun a lokacin, amma shi ya san ta kamar maƙwabciyarsa. Yakan riƙe toka a ɗan ƙulli, ya saki kaɗan ya ga inda iska ta nufa kafin ya ɗaga ƙafa, don ya ce hancin barewa ya fi idonta. Ya nuna mini yadda take buga ƙafar gaba in ta yi zargi, da yadda take gudu kaɗan ta tsaya ta waiwayo. In ya ga mace tana kiwo ita kaɗai tana yawan duban wuri ɗaya cikin ciyawa, sai ya sauke baka, ya ce ɗa ta ɓoye a can, mu koma. Wata rana mun yi haka muka dawo hannu wofi bayan tafiyar yini, na yi ta gunaguni a hanya. Ya bar ni har na gaji, sannan ya ce, "Miyar kuka ba ta taɓa kashe kowa a gidana ba." In kuwa an samu nama, sai an kai wa gidajen da babu namiji kafin tukunyarsa ta hau wuta.

Akwai darasi ɗaya da ya fi nanata mini. Da rani ƴaƴan gawo suna zuba, barewa tana zuwa ci da sassafe, awakin ƙauye ma suna zuwa. Jar akuya irin tamu, in ka hango ta daga nesa cikin karan gero, launinta ɗaya da na barewa. Yakan ce, "Kada ka harbi ja, Sakatare, ka harbi dabba. Ka ƙirga. Wadda ta ci sau uku ba ta ɗaga kai ba, tana da mai ita." Na rubuta wannan, har na ja masa layi a ƙasa.

Shekara tara da suka wuce aka yi fitar gayya, maharban Dungu da na ƙauyukan kewaye. Da muka haɗu da sassafe na buɗe kwarina, na tarar kibaina duk sun karkace, don na jingine su kusa da randa tun damina ban duba ba. Baba ya leƙa, ya yi tsaki, ya ja ni bayan danga ya zaro biyu daga nasa ya ba ni. Babu wanda ya gani. Aka watsu, ni da shi muka yi gabas wajen wasu gawuna. Can na hango ja tana motsi cikin kara. Na yi shekaru ina bin sa ban taɓa kayar da barewa ba, kuma abin yana ci mini rai. Ban ƙirga ba. Na ji ya ce "tsaya" a hankali, amma kibiya ta riga ta tafi. Sai kukan akuya.

Ta ruga da kibiya a cinya har ƙofar gidan mai ita, wani manomi, Malam Sanda. A can dafi ya kayar da ita kafin a kawo wuƙa. Tana da ciki. Malam Sanda ya zare kibiyar, ga zane uku a gindi.

Wanda ya harbi dabbar gida, Sarkin Baka, wato shugaban maharba, yakan yanke tsirkiyar bakansa a gaban jama'a, kuma ba ya ƙara fita da su. Muka kama hanyar komawa. Baba ya ce, "Ni tsoho ne, kunyar yanke tawa za su ji. Kai kuwa ko ruwa ba za su sha ba sai sun yanke taka. Yi shiru." Da aka miƙa masa kibiyar a gaban mutane, ya juya ta, ya ce, "Tawa ce." Bai ƙara komai ba. Shi bai yi ƙarya ba. Ni ina tsaye a bayansa, ban buɗe baki ba.

Ya kai wa Malam Sanda akuyar gidansa, wadda matarsa Inna Zulai take tatsa. Ba a yanke masa tsirkiya ba, amma daga ranar aka daina sa shi gaba in an fita. Aka ce idon tsoho ya tafi. In ya ratsa kasuwa, samari sukan yi kukan akuya ƙasa-ƙasa, shi kuwa sai ya gaishe su da sunayen iyayensu ya wuce. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba, kuma bai taɓa sauya mini fuska ba.

Na duba kayena cikin makon nan. Wuri bayan wuri na rubuta, "Gobe zan faɗa." Na samu aiki a Matameye, na yi aure, na ci gaba da fita farauta lokaci-lokaci, ana girmama ni a matsayin yaron Baba Ilu. Sau ɗaya na tayar masa da maganar, yana zaune yana miƙar da kyauro. Bai ɗago ba, ya ce, "Miƙo mini wancan." Na ɗauki wannan a matsayin izinin in ci gaba da shiru. Yanzu ban sani ba. Wataƙila izini ne. Wataƙila jira yake in yi abin da ya kamata ba sai an ce mini ba. Na juya abin ta kowane gefe ban samu amsa ba, kuma wanda zai ba ni ita ya tafi.

Abin da na sani tabbas shi ne idonsa lafiya lau yake. Zuwana na ƙarshe, yana kwance cikin ciwon ajali, ya hango zabuwa a kan danga can ƙarshen gida, ya ce wa babban ɗansa Lawali ƙafarta ta hagu ta ji ciwo. Aka kamo ta, haka ne.

Ranar rasuwar na tarar an dawo daga maƙabarta. Na yi kwanaki ina kai-komo tsakanin Matameye da Dungu, in na zauna a zaman makoki sai in ji ba zan iya ba, in na koma biro sai in kasa aiki. Ran kwana uku na shiga yi wa Inna Zulai gaisuwa. Na fara kame-kame, ta katse ni.

"Ɗana, kada ka wahalar da bakinka. Mijina ba zai harbi akuya ba ko da an ɗaure masa ido. Kai kaɗai ne tare da shi ranar."

Na ce, "Inna, me ya sa ba ki taɓa faɗa ba?"

"Ya hana ni. Kai ma ai ya hana ka. Amma shi ya gama nasa. Jikokinsa ne yanzu ake kira jikokin mai akuya a lakwal."

Ran sadakar bakwai, bayan an shafa fatiha, maharba suna zaune gefe guda, Malam Sanda ma yana nan. Na je da bakana a ɗane, na ajiye shi gaban Sarkin Baka Gambo, wanda sa'an Baba ne. Na rubuto abin da zan ce a takarda, amma ban ciro ta ba. Na faɗa da baki, tun daga kibau masu karkata har kukan akuya. Haka na kai ƙarshe.

Lawali ya miƙe ya shige gida bai dube ni ba. Malam Sanda yana ta salati. Sarkin Baka ya dubi bakan, ya ce, "Ashe shekara tara muna barin mai ido a baya." Ya ciro wuƙa. "Da ka zo yana da rai, da ya roƙa maka, kuma da na ji roƙonsa. Yanzu wa zai roƙa?"

Ya yanke tsirkiyar. Bakan ya miƙe a ƙasa. Sai ya juya ga jama'a ya ce duk wanda ya ƙara ji da wancan laƙabin a bakinsa, shi da shi ne.

Ba zan ƙara fita farauta ba, kuma daidai ne. Na rubuta wannan ne don waɗanda ba su nan a ranar, mutanen tasha da na kasuwa da malaman lakwal. Wanda ya karanta ya faɗa wa wanda bai karanta ba: sunansa Iliyasu, maharbi ne, kibiyarsa a hannunsa ba ta taɓa taɓa dabbar kowa ba.

Allah ya jiƙan Baba Ilu, ya gafarta masa, ya yalwata kabarinsa ya haskaka shi. Yadda ya rufa wa wani asiri ya ɗauki kunyar a kansa, Allah ya rufa masa nasa ranar tsayuwa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya ba Inna Zulai haƙuri da lafiya, ya raya jikokinsa su tashi da sunan kakansu na gaskiya. Allah ya sanyaya zuciyar Lawali, wanda har yau bai amsa sallamata ba, kuma yana da gaskiya. Ya ba shi ikon riƙe gidan da aka bar masa. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.