Yadda Aka Yi wa Kujera Magani

A Bahiya, can ƙetaren teku inda aka kai mu bauta, Bature mai mutunci ba ya hawa tudu da ƙafarsa. Allah ya ba shi biyu, sai ya adana su ya ari huɗu. Garin kuwa rabi a bakin teku, rabi a kan dutse, duk inda ka nufa ko hawa ko gangara. Shi ya sa suka yi kujera mai labule, rataye a jikin doguwar sanda, mutum biyu su saɓa a kafaɗa, ɗaya gaba ɗaya baya.

Mijina shi ne na baya a kujerar wata gwauruwar Baturiya da ke zaune wajen unguwar Pelourinho. In ana hawa, na baya ke shan nauyi. Ni na riga na fanshi kaina, ina suyar ƙosai a gindin gangarar da ake kira Ladeira da Praça, shi kuwa yana hannunta. Ta ɗinka musu riga mai maɓallan tagulla da hula mai gashin tsuntsu, ƙafa tsirara, don bawa ba ya sa takalmi a garin nan. Ka gan su daga nesa ka ce 'ya'yan sarauta ne, sai ka duba ƙasa.

Kafaɗarsa ta hagu ta lalace tun yana dakon buhunan sukari a bakin jirgi, saura ta dama. Sanda ta yi ta cinta har ta yi kanta, ta sauka ƙasa da 'yar'uwarta. Yatsunsa su mutu, in miƙa masa ƙosai ya suɓuce bai sani ba. Ba wanda ya taɓa tambaya.

Wata rana ya zo ya tsuguna gefen kaskona.

Ya ce, "Yau an duba mara lafiya a gidanmu."

Na ce, "Kai, maigida?"

"Ni wa? Uwargida Baturiya. Bayanta ya gaji da ɗaukar da ake yi masa."

Wai likita ya zo da jakarsa, ya latsa nan ya latsa can, ya ce zama a karkace ne ya jawo, kujerar ta kwanta gefe guda. Uwargida ta ce to, ko kujera ko mai ɗauka. In kujera ce a gyara. In mai ɗauka ne a kai shi gonar raken ƙaninta, a kawo sabon jini. Wanda aka kai gonar rake kuwa, ban taɓa ganin ya dawo ya sayi ƙosai ba.

Wanda za a kira ya duba kujerar wani tsohon masassaƙi ne, Bakatsine, 'yantacce. Shi ne daga baya ya ɗora ni a kan allo da furfurata. Na bar wa maƙwabciya kasko na same shi yana fiƙe ƙafar tebur.

Na ce, "Baba, gobe za ka ce laifin kujera ne."

Bai ɗago ba. Ya ce, "'Yar nan, ni na sassaƙa kujerar nan. So kike in yi wa itace ƙazafi?"

"Itace ba ya zuwa gonar rake, Baba."

"Ƙarya fa haramun ce."

"Wa ya ce ka yi ƙarya? Ta karkata ko ba ta karkata ba?"

"Ta karkata."

"To faɗi haka ka yi shiru. Ba wanda zai tambaye ka kafaɗa. Tunda suke a gidan nan sun taɓa kallon abin da ke ƙarƙashin sanda?"

Ya yi dariya har da tari, ya ce Allah ya ji ƙan wanda ya aure ni. Na ce amin, abin da ya kawo ni ke nan.

Aka kawo kujera rumfar Baba. Ta yi kwanaki tana hutawa a inuwa, ana shafa mata mai, an lulluɓe ta kada raɓa ta taɓa ta. Uwargida na aiko a ji yadda ta kwana. Maigidana kuma, don kada zama ya lalata shi, aka sa shi jigilar gangar ruwa daga maɓuɓɓuga zuwa garin sama.

Baba ya auna kafaɗar da idonsa kawai. Ya sassaƙa guntun katako daidai ramin da sanda ta ci, ya kafa shi a ƙarƙashin sandar ta baya, ya naɗe da fata. Da aka saɓa, kujera ta tsaya cak. Uwargida ta warke.

Bayan damina zazzaɓi ya kwantar da maigida, aka sa wani ƙaton Bayarabe mai kafaɗa lafiyayya a baya. Katakon nan ya ɗaga bayan sandar sama da gabanta, kujera ta tuntsura, saura kaɗan uwargida ta fito ta labule a tsakiyar gangara, ana kallo. Ta rantse da waliyyanta cewa bayin yanzu ba su iya aiki ba, tsohon nata kaɗai ya san ɗauka. Daga ranar ba a ƙara ambaton gonar rake ba. Ba a kuma ƙara barinsa ya yi zazzaɓi ba.

Aka yi ta yabon likita a gidajen Turawa. Maigida ya zauna a gari, abin da na nema ke nan. Ran Juma'a in ya samu ya sulale zuwa ɗakina, ni ke ɗaga masa hannu in zura masa farar rigar salla, don shi hannun ya daina wuce ƙirji.