Basillar Mushe Barmo

Bangon da ya raba ɗakin Raliya da na Mushe Barmo a biro, wato ofis, na ƙasa ne, kuma bai kai rufi ba. An bar tazarar tafin hannu a sama don iska. Ta nan muryoyin suka sauko mata ranar Talata da hantsi, tana tsakiyar buga takarda a mashin.

"Kai ɗan mace, wa ya ba ka izinin shigo min biro da wannan ƙafa mai faso?"

"Ƙafar da ta noma hatsin da ya yi maka wannan tumbi? Tashi ka ba ni kujera, ɗan lakwal."

Raliya ta yi murmushi, ba ta daina bugu ba. Ta san muryar. Manzo ne, manomi daga Gidan Jibo kusa da Ollelewa, taubashin Barmo. Uwar Manzo da uban Barmo ciki ɗaya suka fito, don haka duk zagin da suka yi wa juna halal ne. Sai da ta kai ƙarshen layi ta lura an daina dariya.

"Sau uku ke nan, Barmo. Sau uku ana kiran Gidan Jibo wajen rabon iri. Har Ila da ba ya iya ɗaga hauya ya samu, ni ban ji sunana ba."

"Komite ke zaɓe. Ni ban taɓa zaɓen kowa ba, ban taɓa hana kowa ba."

"Na tambayi Malam Yahuza na komite. Ya ce katina bai taɓa zuwa gabansu ba."

"To bai faɗo ba ke nan."

"Me ya riƙe shi?"

"Tambayi basilla."

Kujera ta yi ƙara. Da Manzo ya sake magana, muryarsa ta yi ƙasa har sai da Raliya ta ɗauke yatsunta daga mashin.

"Irin da na ɓoye, yara sun cinye shi tun lokacin sanyi. Bara ban shuka gonar kwari ba. In ruwa ya sauka bana ba ni da iri, damina biyu ke nan, kuma ka san mai gari zai ba da ita ga dangi mafi kusa. Wane ne dangi mafi kusa, Barmo?"

Sai ƙarar murfin akwati da aka rufe a hankali.

A shekarar 1985 ba wanda ke neman iri ko akuya tsakanin Tanut da Belbeji da bai san wannan akwati ba. Amma kaɗan ne suka san mutumin da ke riƙe da shi, ko da yake kowa na gaishe shi.

An haifi Barmo a Gidan Jibo, a gidan kakansu da ke da rumbu goma sha ɗaya. Yana da shekara takwas gardi, dogarin gwamnati, ya zo a kan doki da umarnin a ba da yaro ɗaya daga gidan don lakwal, wato makarantar boko. A lokacin, kai yaro lakwal kamar binne shi ne da rai. Kakan ya ce wa gardi ya zaɓa da kansa, ba ruwansa. Aka jero yara uku a ƙofar gida: ɗaya mai ciwon ido, ɗaya da bai daɗe da yaye ba, sai Barmo. Manzo, wanda ya fi su girma da lafiya, kuma wanda sunansa ne a takardar gardi, yana cikin rumbun gero an rufe shi da faifai. Gardi ya duba ukun, ya nuna Barmo da bulala. Har kakan ya rasu yana rantsuwa cewa bai ba da jikansa ba, gardi ne ya zaɓa. Kuma bai yi ƙarya ba.

Barmo ya yi shekara shida a Damagaram yana cin tuwon gidan mutane. Da ya dawo da satifika, ya tarar kakan ya rasu, kuma gonar kwari, wadda ke riƙe laima ko a shekarar fari, ta tafi hannun uwar Manzo. Bai kai ƙara ba. Mutum ne da bai cika cewa komai ba. Ya samu aikin rubutu a Tanut, aka fara kiransa Mushe, wato Malam a harshen anasara, ya yi aure, ya saba da farar riga mai aljihu biyu da alƙaluman bik, ja da shuɗi. Ba ya shan taba, ba ya karɓar ko kaza daga hannun talaka. Wata tsohuwa ta taɓa kawo masa ƙwaryar man shanu, ya bi ta da ita har tasha ya mayar. Mutane suna cewa da ma'aikata duka irin Barmo ne, da ƙasa ta gyaru.

Bayan farin 1974 wani furoje, wato shirin agaji, ya zo don mayar wa mutane dabbobi da iri. Anasaran da ke shugabantarsa ya kawo akwatin katako cike da katuna masu kauri, kowane an jera masa huji a gefe, zagaye. Gida ɗaya, kati ɗaya. Kowane huji tambaya ce: wane gari, manomi ko makiyayi, yana da gona, rumbunsa ya ƙare. In amsar e ce, sai a sa ɗan almakashi a tsage hujin har bakin kati. In ana son mutanen gari kaza, sai a zura dogon tsinken ƙarfe ta hujin garin, ya ratsa katunan duka, a ɗaga, a girgiza. Masu tsagaggen huji su zubo a tebur, sauran su rage rataye. A kwashe waɗanda suka zubo, a sake zurawa ta hujin gona, sannan ta hujin rumbu. Abin da ya saura a tebur shi ake kai wa dattawan komite, su zaɓa a ciki. Mutanen gari suka sa wa tsinken suna basilla.

Anasara ya koma ƙasarsu, wani ya zo, shi ma ya koma. Akwatin ya zauna, Barmo ya zauna. Shi kaɗai ya haddace abin da kowane huji ke nufi. Ranar rabo yakan naɗe hannun riga, ya nuna wa jama'a tafukansa, ya zura basilla a gaban kowa. Yana son wannan lokacin. Raliya, wadda ta yi shekara huɗu tana buga sunayen da suka faɗo, ta sha ganin fuskarsa in katunan suna zubowa: fuskar mai sallar da ya tabbata an karɓa.

Ranar Alhamis aka kira Barmo magaza, ɗakin ajiyar kaya, don ya shaida sauke buhunan iri daga mota. Ya tafi da basilla a aljihu, kamar kullum. Bai kulle akwatin ba, don bai taɓa tunanin akwai mai iya karanta shi ba tare da basilla ba.

Raliya ta shiga. Ta ce wa kanta takardar kwafi ta zo nema. Ta bi katunan da yatsa ɗaya bayan ɗaya, kusan rabin sa'a, har ta kai ga Manzo Hamidu, Gidan Jibo, baki tara. Shekara huɗu tana kallon inda basilla ke shiga, ta san hujojin da take nema. Hujin gona a tsage. Hujin rumbu a tsage. Hujin gari, na bakwai daga dama, a rufe yake lafiya lau kamar ba a taɓa shi ba.

Ta kai shi taga ta ɗaga wa rana. Nan ta ga inuwar. An yanko ɗan guntun kati, bai kai farce ba, an manne shi da ƙaro a kan tsohuwar tsagar, an goge, an sake huda shi daidai. Aiki ne na mai haƙuri. Sunan Manzo na nan, garinsa na nan a rubuce da shuɗin bik, duk mai bincike zai gan shi. Amma ga basilla, Manzo ba ɗan Gidan Jibo ba ne, ba kuma ɗan ko'ina ba. Ko wane gari aka kira, zai rage a rataye.

Ta ɗauki wasu katunan tana ɗagawa. Kafin ta ji tsoro ya kama ta, ta ƙirga takwas masu irin wannan inuwar. Wani mai gari ne da ya taɓa kiran Barmo yaron anasara a bainar jama'a. Wata bazawara ce daga Belbeji. Sauran ba ta san su ba, ba ta kuma san laifinsu ba. Wataƙila shi ma ya manta.

Da rezar da take feƙe fensir ta yanke mannen katin Manzo. Nasa kaɗai. Daga baya ta gaya wa kanta lokaci ne ya ƙure. Gaskiyar ita ce muryar Manzo ce ta ji ta bango, sauran takwas ɗin kuwa takarda ce kawai, kuma tsaga ɗaya ana iya cewa kuskure ne, tara ba a iyawa. Ta mayar da komai yadda yake, ta koma mashin.

Asabar da safe aka yi rabon ƙarshe na yankin Ollelewa. Gabas ta yi duhu tun fitowar rana, iska tana kawo ƙamshin ruwan da ya sauka wani wuri. Dattawa biyar suka zauna a tabarma a barandar biro, Malam Yahuza a tsakiya da tabarau ɗaure da zare. Manzo na tsugune a bayan jama'a. Bai zo da buhu ba.

Barmo ya naɗe hannun riga. Ya nuna tafukansa. "Gidan Jibo," ya ce, ya zura basilla ta huji na bakwai, ya ɗaga, ya girgiza. Katuna suka zubo. Gona. Rumbu. Ya tattara abin da ya saura ya miƙa, bai duba ba. Bai taɓa dubawa ba, wannan ma yana cikin abin da ake yabonsa da shi.

Malam Yahuza ya kai kati na huɗu kusa da hanci. "Manzo Hamidu. Baki tara." Ya ɗago kai. "Yo ina ka shiga duk kwanakin nan? Wannan ai ba sai an yi shawara ba. A auna masa."

Manzo ya miƙe kamar wanda aka tasa daga barci. Ya tuɓe rawaninsa ya shimfiɗa a ƙasa, aka zuba masa gero a ciki. Yana ɗaurewa ya ɗaga murya don kowa ya ji.

"Ɗan lakwal! Ashe basillar taka tana jin zagi? Da na sani da tun wata biyu na zage ta."

Jama'a suka yi dariya. Barmo ma ya yi.

"Je ka shuka, ɗan mace. In ta yi kyau, zakkar tawa ce."

Ya karɓi katin daga hannun Malam Yahuza don mayarwa cikin akwati. Raliya na kallo ta taga. Ta ga babban yatsansa ya bi gefen katin, ya wuce huji na bakwai, ya dawo, ya tsaya. Almakashinsa yana tsaga da baki mai faɗi kamar ƙafar kaza. Reza tana yanka a miƙe. Bai juyo wajen tagar ba. Ya sa katin a wurinsa, ya kira gari na gaba, muryarsa ba ta canja ba.

Ruwa ya sauka da azahar, manyan ɗigo masu tayar da ƙamshin ƙasa. Manzo ya riga ya kama hanya, ƙunshin iri a ƙarƙashin riga. Gobe war haka yana cikin gonar kwari da sungumi, kuma mai gari ba shi da abin da zai ba wa kowa.

Raliya na rufe mashin da zane sa'ad da hasken ƙofa ya ragu. Barmo ne tsaye, akwatin a hammata, basilla a aljihu tare da bik ja da shuɗi. Bai shigo ba. Bai taɓa shiga ɗakinta ba sai da sallama, kuma yau bai yi sallama ba.

"Sannu da aiki, Raliya."

"Yauwa, Mushe. Sannu."

Ya dubi ruwan da ke zuba daga indararo, ya daɗe yana dubawa, kamar mai neman wani abu da ya kwanta masa a rai.

"Litinin za a zaro na Belbeji," ya ce. "Innarki Salamatu can take da marayun yayanki, ko? Na ga katinta jiya. Gefensa ya fara laushi. Bari in tafi da shi gida in gyara mata."