Ranar da Allura Ta Ƙaryata Ni

Har ƙasa ta rufe idona ba zan manta da wannan rana ba. Abin da ya fara jan hankalina barguna ne, an toshe tagogin ɗakin shan magani na Rano da su, ga rana tsaka. Ana gab da samun 'yancin kai ne, hukumar gargajiya ta En'e na neman wanda za a koya wa tuƙin babbar mota, aka ce sai wani likita Bature ya gwada idon kowa a cikin duhu.

Ni kuwa dundumi gare ni, da magariba ta yi sai lalube. Na ɓoye, domin akwai wata yarinya a Durba wadda na cika wa kunne da kalaman ƙananan littattafan hikayoyi da nake sayowa Kano. Mahaifinta ya ce kalamai ba sa cika tukunya, in nemo sana'a.

Aka shigar da ni, aka manna mini wayoyi a ƙeya, suka tafi har jikin wata na'ura mai allura tana zane a takarda. Malamin asibiti, wanda ke tafinta, ya ce in zauna idona ya saba da duhu, in na hango ɗan haske in faɗa.

Na zauna, ko tafin hannuna ba na gani. Na tuna jaruman littattafaina ba sa faɗuwa jarrabawa. Can na gyara murya.

"Na gani, ranka ya daɗe. Kamar tauraruwar asuba, tana kiran masoyi."

Sai malamin ya ce, "Samari, ai ba a kunna ba tukuna."

"To, ƙila ƙyallinta ne ya riga ta."

"Likita ya ce bakinka ya gani, amma ƙwaƙwalwarka barci take. Allura ko motsi ba ta yi ba. Tashi."

Aka soke sunana, ba don dundumi ba, don ƙarya. Wani ɗan ƙauyen Fassi da ya shiga bayana, mai irin ciwona, ya ce shi fa bai ga komai ba. Aka ba shi man kifi, aka ce ya riƙa cin hanta. Bayan wata guda ya dawo, allura ta yi rawa, ya sami mota. Kafin kaka ya sami yarinyar ma, shi da ko wasiƙa bai iya rubutawa ba.

Yau Alhaji ne mai motocin kansa, in ya gan ni a tashar Kibiya yakan rage mini hanya, ga Hajiya, yarinyar nan ta Durba, a gidan gaba. Tun daga ranar na koyi cewa "ban gani ba" magana ce mai araha, kuma da na faɗe ta, da ni ke riƙe da sitiyarin.