Dda Arezki da Allon Kwana Uku

Da an idar da sallar asuba, Dda Arezki (Dda muke ce wa dattijo a nan) yakan yafa alkyabbarsa ta ulu ya haura bayan makarantarmu, inda aka kafa gwangwanin auna ruwan sama. Sai ya juye abin da ya taru a kwalba mai zane, ya duba, ya rubuta a littafinsa. Daga nan ya fuskanci ƙololuwar dutsen Jurjura, ya daɗe yana kallo. Ƙarfe bakwai ya kara ƙaramar rediyonsa a kunne, ya saurari hasashen yanayi. Kafin yara su shiga aji, ya riga ya rubuta layi uku a baƙin allon da ke jingine da bangon dandali: yau, gobe, jibi. Shekara talatin da shida ke nan yana haka. Babu wanda ya ɗauke shi aikin. Allin ma daga ajina yake fitowa.

Mai rediyo labarin bakin teku da garuruwan kwari yake bayarwa, mu kuwa a saman dutse muke. Dda Arezki ne yake mayar da zancen ya zama namu. Idan aka ce iska mai sanyi ta taso daga teku tana koro ruwa, za ta isa gaɓa da azahar, shi ya san sai washegari da hantsi za ta iso mu, kuma hazo ne zai riga ta hawowa ta bakin rafi. In hazon ya tsaya a tsohuwar gada, muna da rabin yini kafin ruwa. In ya ƙetare ta, kowa ya sauko daga bishiya.

A wurinmu wannan magana ce ta zaitun. Gayya muke yi, kowane gida da ranarsa, kuma wanda ruwa ya cinye ranarsa sai ya koma ƙarshen layi. Zaitun da aka tsinka a jiƙe aka dura a buhu yakan yi funfuna kafin ya kai wurin matsa, man ya fito da tsami. Shi ya sa dattawa ba sa tsayar da rana sai sun karanta allon.

Shekarar bara waccan, ranar gayyar dattijuwa Nna Tasadit ta faɗo Alhamis. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta duk suna Faransa, bishiyoyin nan su ne cinta da shanta. Wayoyin mutane suka ce rana ce har Asabar. Dda Arezki ya rubuta cewa ranar Alhamis hazo da safe, ruwa kafin azahar, kuma ba zai ɗauke ba sai bayan kwana uku. Ya roƙi a dawo da gayyarta Laraba. Ina tsaye a wurin sa'ad da Lunis mai gidan gahawa ya ɗaga wayarsa.

"Dda, wannan fa tauraron ɗan adam take tambaya. Kai wa kake tambaya? Gwiwarka?"

"Gwiwata aƙalla ta san hanyar garin nan," in ji Dda Arezki. "Tambayi wayarka, Lunis, ta taɓa hawowa sama?"

Nna Tasadit ta riƙe ƙugu ta ce, "Ni dai kuskus ɗin Alhamis na shirya. In ka sa na dafa Laraba, rana ta fito Alhamis, Arezki, kai za ka wanke mini tukwane."

"Na yarda, 'yar'uwa. Har da ludayin."

Mutum goma sha ɗaya ne kawai suka fito Laraba, sauran suka ce sai ranar da aka tsayar. Muka tsinke abin da muka iya, wajen kashi biyu cikin uku. Alhamis da hantsi hazo ya ƙetare gada, ruwa ya sauko, bai ɗauke ba sai Lahadi. Ragowar zaitun ɗin ya zube cikin taɓo. Man da ta samu bai kai ta shekara ba, amma ya fitar da ita daga lokacin sanyi. Lunis ya kai wa Dda Arezki gahawa har gida.

Da na so in tsaya a nan, sai dai ba a nan labarin ya tsaya ba.

Bara da kaka, wata safiya ya ce mini, "Malam, dutsen ya gudu." Idanunsa ne suka fara mutuwa, likita kuma ya ce ba za su dawo ba. Tun daga lokacin ni nake riƙe hannunsa mu haura. Ni ne ido, shi ne sani. Yakan tambaye ni ko girgijen ya zauna a kan dutsen ne ko rataye yake, ko gefensa a tsefe yake. Na cika littafi guda da abin da yake faɗa, na jera shi daki-daki kamar darasi, amma kullum sai ya yi mini tambayar da babu ita a ciki. Na koyar da yara shekara talatin, ga shi na kasa koyon wannan.

Juma'ar da ta wuce, a taron dandali, ya ajiye allinsa a kan dakalin dutse ya ce ya gaji, wa zai karɓa? Babu wanda ya miƙa hannu. Mu goma sha huɗu ne, ƙaraminmu ya haura hamsin. Lunis ya sunkuyar da kai ya ce, "Dda, ni wata mai zuwa zan bi ɗana birni." Ni ma ban karɓa ba. Ɗalibai tara suka rage mana, za a rufe makarantar a ƙarshen zango, ni kuma in koma wurin 'yata a kwari.

Dda Arezki, kai ne ka tashi cikin sanyin da ke tsaga hannu don wata gwauruwa ta samu man miya. Kai ne aka yi wa dariya ka mayar da dariya, washegari kuma ka sake rubutawa. Mai gadin sararin samaniyarmu, mun gode. Mun makara wajen faɗa, amma mun gode. Allah Ya saka maka da alheri, Ya haskaka maka abin da ido ya daina gani.

Ku kuma 'ya'yanmu da ke karanta wannan a nesa, ba kuɗi nake roƙo ku aiko ba. Mutum ɗaya nake roƙo, wanda zai zo ya zauna kusa da tsohon nan damina ɗaya ko biyu, tun yana iya yin tambayoyinsa.

Yau da safe na rubuta abin da ya faɗa mini: yau rana, gobe hazo, jibi ruwa. Muna saukowa ya tambaye ni ko allin yana nan a kan dakali. Na ce yana nan, babu wanda ya taɓa shi. Ya ce, "To ka shigar da shi ciki kafin jibi, Malam. Zai jiƙe."