Baba Sikeli da Giram Ɗayan da Ya Yi Yawa

Kafin ɗalibai su fara shigowa, Baba Sikeli ya riga ya buɗe ɗakin gwajin kemistiri. Yakan wage tagogi warin jiya ya fita, ya duba murfin kowace kwalba, sannan ya ɗauki ɗan burushi mai laushi ya share farantin sikeli kamar mai goge idon jariri. In za a yi awo har fanka yake kashewa, wai iskarta tana motsa lamba. Ɗalibai na gumi suna gunaguni, shi ko a jikinsa. Haka sunan ya bi shi. A ƙarshen zangon nan zai ajiye aiki, shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na gani da idona.

Ni kafinta ne, karatuna bai yi nisa ba. Autata ce ta ɗauko kimiyya, tana son ta zama mai haɗa magunguna, ni kuma kullum gabana na faɗuwa, don in ta maƙale ba ni da abin da zan taimaka mata da shi. Rannan ta dawo ido jawur, ta ce ta bar ajin kimiyya. An ba su garin soda su haɗa da wani ruwan sinadari, farin alli ya kwanta, su tace su auna. Lissafi ya ce giram biyar za a samu, ita ta samu shida. Ƙawayenta har tafa mata suka yi. Malaminsu Baba Sikeli kuwa ya ƙi sa mata maki, ya ce ta je ta nemo inda ɗayan ya fito.

"Baba, nufinsa ƙari na yi. Macuciya ya mai da ni."

Washegari na ajiye zarto na bi ta makaranta. Na ce, "Malam, a sana'armu in mutum ya yi fiye da abin da aka sa shi, yaba masa ake."

Ya yi dariya. "Maigida, in ka yanka ƙafafu goma sha biyu, kowace kujera na cin huɗu, ka dawo ka tarar da kujeru huɗu, me za ka ce?"

"Sai in ce ko aljanu sun taya ni, ko wata a gurguwa take."

"Ƙusa fa, ƙirgawa kake in za ka saya?"

"Wa ke da wannan lokacin? Awo ake."

"Kilon 'yar inci ɗaya da kilon 'yar inci huɗu, yawansu ɗaya?"

"Ina! Ƙanana sun fi, nesa ba kusa ba."

To a nan ya kama ni. Ya ce ƙwayoyin sinadari sun fi ƙarfin ƙirga, don haka da awo ake ƙirga su, tari-tari, kowane tari sunansa mol. Yawan ƙwayoyin da ke cikin mol iri ɗaya ne a kowane sinadari, nauyin ne ya bambanta. Mol ɗin soda giram ɗari da shida ne, na alli ɗari cif. Auta ta auni giram 5.3 na soda, wato kashi ɗaya cikin ashirin na mol. Kowace ƙwayar soda kuma ƙwayar alli ɗaya take bayarwa. Ya dube ni. Na lissafa a kaina na ce, "Biyar ke nan."

"Iyakarsa ke nan. Ana iya kasa kaiwa, ba a wucewa."

Ashe bai zubar da allinta ba, a kan kanta ya bar shi ya kwana cikin takardar tacewa. Ya ce ta sake aunawa. Ta auna tana ɗaure fuska, ta cire nauyin takarda: giram 4.6.

"Malam, ya ragu!"

"Wa ya sace?"

Ta taɓa allin da yatsa. Can ta ce, "Ruwa ne. Da danshinsa na auna jiya." Ni da na san ɗanyen katako ya fi busasshe nauyi, sai na ji kunya ta rufe ni. Ita kuwa ta manta da fushi. "To yanzu bai kai biyar ba, ina sauran?" Ta ɗaga kofin gilashi irin wanda ta yi aiki da shi, tana nuna inda fari ke mannewa a jiki. Da kanta ta fitar da cewa kashi casa'in da biyu cikin ɗari ta samu. Sai a lokacin ya ɗauki biro ya sa mata maki.

Baba Sikeli, kai ne ka ƙi ba 'yata makin da zai sa ta murna ta kwana cikin duhu. Da ka faɗa mata amsar tun ranar farko da ka huta da hawayenta da ƙorafina, amma ka jure. Iyaye biyu sun ce min nasu 'ya'yan ma haka ka yi musu, kuma yau ɗaya daga cikin yaran ma'aikaciyar jinya ce da ba ta yarda da lamba sai ta sake dubawa.

Auta tana nan a ajinta na kimiyya. Na gode, Malam, Allah ya sa ka huta lafiya. Ku kuma matasan malaman da za ku gaji ɗakin nan, in ɗalibi ya kawo muku abin da ya fi lissafi kyau, kada ku yi saurin tafi. Ku tambaye shi inda ya fito, ku kuma ba shi lokaci ya gano da kansa.