Kududdufin Dada da Farar Hodar Kawu Sali

Ranar Asabar ce ta farko bayan ɗaukewar damina, a shekarar da na shiga aji huɗu a lekol, wato makarantar boko, wata kurar dako ta tsaya a bayan gidanmu da ke Garwa, shaƙe da matattun talabijin da dogayen ƙwayayen lantarki. Kawu Sali, ƙanen mahaifiyata, shi ne ya turo ta, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf, amma fuskarsa cike da fara'a. Ya daɗe yana zaman kashe wando tun da shagonsa na gyaran rediyo ya rufe, yanzu kuwa ya samu sana'a: ya fasa tsofaffin kaya, ya zare jan ƙarfen ciki ya sayar. Mu yara muka yanyame shi, kowa na roƙon maganaɗisun lasifika.

A bayan gidan akwai kududdufi, a bakinsa kuma lambun kakarmu, wadda muke kira Dada. Ruwan kore ne shar saboda gansakuka, kainuwa ta rufe rabinsa, bado na buɗe fararen furanni da hantsi. Kafin mu tafi lekol, ni da yayata Asta sai mun ɗebi ruwa da gwangwani mun shayar da latas, albasa, alayyafo da yakuwa, wadda maƙwabtanmu Fulani ke ce wa folere. Da yamma mu koma mu yi ta kamun 'ya'yan kwaɗi da tafin hannu, mu naɗo gansakuka a kara mu ce miyar kuka ce, mu tuƙa tuwon laka mu yi kamar muna ci. Idan muka yi ƙorafin ƙarnin ruwan, Dada takan ce, "Ruwan da ke da ƙarni, mai rai ne."

Kawu ya kafa rumfarsa a kan tudun da ke gangarowa kududdufin. Kullum sai ƙarar guduma. A bayan gilashin talabijin da cikin ƙwayayen akwai wata hoda mai laushi, fara ko toka-toka, wadda yakan share tare da fasassun gilasai ya tara a gefe. Duk rani tulin na girma. Da ruwan farko ya sauka, ya wanke shi tas zuwa ƙasa.

Ba a dare ɗaya abin ya faru ba. Gansakuka ta fara dusashewa, ta koma ruwan ƙasa, ta nutse. Kainuwa ta ƙanƙance, gefen ganyenta kamar an babbaka. Ruwan ya yi garau har ana hango ƙasansa, matan unguwa suna ta yabawa wai ya yi tsabta. Amma da rani ya dawo, latas ya tsiro ya tsaya cak, alayyafo ya yi rawaya. Wata safiya Dada ta tumɓuke albasa guda ta nuna mini saiwar: gajera, baƙa, a dunƙule.

Da wannan albasar a hannu ta hau tudun. Ina biye da ita don in ga yadda za su ƙare, domin na san irin son da take wa autanta, na kuma san rumfar nan ce ta mayar da shi mutum a idon matarsa.

"Sali, ban san abin da ke cikin garin nan naka ba," in ji ta, "amma ƙasata ta ƙi shi. Ka tashi."

"Dada, in koma ina?"

"Allah da ya ba ka wannan wurin bai ƙare ba."

Ya tashi, ya koma can wajen gari, kuma kusan wata guda bai taka gidanmu ba. Sai wata asuba muka ji kukan tayar kura. Kawu ne, da jarkoki cike da ruwan famfo. Ya shiga shayar da fangalin da Dada ta sake yi kusa da katanga. Haka ya riƙa yi duk rani, shekara da shekaru, har ƙafafun Dada suka gaza kai ta lambu.

Yau ina koyar da kimiyyar halittu a lise, wato makarantar sakandare. Na san hodar nan tana ɗauke da wasu ma'adinai da ba kasafai ake jin sunansu ba, waɗanda idan suka taru a ruwa sukan hana saiwa miƙewa, su kashe gansakuka. Ga kuma dalma a cikin gilashin. Wanne ne ya fi yin ɓarna, ba wanda ya auna. Kududdufin an cike shi, masu wankin babura ne a wurin, yaran unguwar ba su taɓa ganin furen bado ba. Kawu Sali ya tsufa, yana zaune a ƙofar gida da tukwanen tumatir guda biyu da ba ya barin kowa ya shayar masa. Ban taɓa yi masa bayanin hodar ba. Ya riga ya biya da gadon bayansa, wajen turin kurar ruwa.