Sonamu ta Bani Malik

Shekara arba'in da 'yan kai Abdulghaffar mai walda ya yi yana gyara wa mutane suna guda ɗaya. Duk wanda ya kuskura ya kira ƙungiyar ƙwallonmu ta unguwar Bani Malik da ke Jidda "So Namu", kamar dai Hausa ce, sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya zaunar da shi. Kalma ɗaya ce, Sonamu, kuma yaren Koriya ne, sunan wata bishiya da ba ta kaɗe ganye komai tsananin sanyi. Ni na tsare masa gida a filin ƙwallo shekara goma sha huɗu, na sha wannan karatu har na haddace, kuma har gobe in ya fara ba ni da ikon tashi.

A unguwar Ammariyya, nan Jidda, aka haife shi. Kakansa ne ya taho Hajji a ƙasa daga wajen Katagum bai koma ba, shi kuwa jikan har yau da iƙama, takardar izinin zaman baƙi, yake zaune a garin da aka binne cibiyarsa. Yana ɗan shekara sha takwas 'yan Koriya suka cika Jidda da aikin gini, ya shiga wurinsu koyon walda. Ubangidansa wani gajeren mutum ne, Mu'allim Han, mai faɗa kamar zai ci mutum ɗanye. Ran Juma'a bayan la'asar sukan buga ƙwallo a bayan masaukinsu, wata rana mutum ɗaya ya kasa musu suka jawo Abdulghaffar. Ba a yi minti biyar ba ya fasa wa wani injiniya tabarau. Han ya ce a ƙyale shi, yana son mai taurin kai.

Da guntun Larabci da nuni da hannu Han ya ba shi labarin ƙungiyar mahaifinsa. 'Yan dako ne na wata tashar jiragen ruwa suka kafa ta, zamanin da Japanawa ke mulkin ƙasarsu. Korayen riguna suke sawa, rabinsu ba takalmi, amma sun taɓa lallasa ƙungiyar masu mulkin da ci biyu da ɗaya a gaban jama'ar gari. Daga baya aka ce duk wani suna sai an mayar da shi na Japanawa. Sau uku aka ba kyaftin ɗinsu takarda, sau uku yana rubuta Sonamu. A na huɗu ba a ba shi takarda ba, an rufe ƙungiyar, an kwashe turakun raga. Ba kofi, ba hoto, ba abin da ya rage sai sunan a bakin Han.

Da Han zai koma gida, Abdulghaffar ya ce masa shi zai riƙe sunan. Ya tara mu, ya haɗa turakun raga da guntayen bututu, ya sayo korayen riguna masu ƙaiƙayi a jiki. Fili uku gine-gine suka cinye mana, muka koma na huɗu. Ba mu taɓa zama gwanaye ba, gaskiya ɗaya ce, ni kaina an zura mini bakwai a rana ɗaya. Amma ba Juma'ar da ta wuce ba a buga ba, in ban da shekarar annoba.

Yanzu 'ya'yanmu ke bugawa, kuma sun fi mu nesa ba kusa ba. Kyaftin ɗinsu Tariq ne, ɗan ƙanin Abdulghaffar, mai shekara ashirin da uku. Bara wasu masu filin haya a unguwar Aziziyya suka shirya gasar unguwanni, aka ce masu neman 'yan wasa daga manyan ƙungiyoyi za su zo kallo. Tariq ya sa rai ƙwarai, don a shekarunsa irin wannan ƙofa ba ta buɗewa sau biyu. Ya kai takardar rajista aka dawo masa da ita, wai a sake suna, a kawo wanda mutane za su gane. Ya zo ya faɗa wa baffansa kansa a sunkuye, ya ce yaran sun yarda a sa ko ma mene ne, su dai su buga.

Abdulghaffar ya rufe shago da rana tsaka, abin da ban taɓa gani ba, muka nufi Aziziyya mu uku. Mai rajistar wani matashi ne, Nawaf, fara'arsa ba laifi, har shayi ya ba mu. Abdulghaffar ya gyara zama ya ɗauko karatun nan nasa da Larabci, tun daga 'yan dako har zuwa takarda ta uku. Na ga fuskar Nawaf tana washewa. Ashe mayen finafinan Koriya ne. Ya jawo takardar, ya ɗauki biro yana dariya.

"Ya Ammi, ai da tun farko kun ce na Koriya ne. Halas, ba matsala. Ni na ɗauka yaren Takari ne."

Takari, sunan rainin da suke kiran irinmu jikokin alhazan ƙasar Hausa da shi. Bai ma san ya faɗi wani abu ba, wannan ne ya fi ƙona mini rai. Tariq ya sauke ajiyar zuciya, don an gama, saura hatimi. Na dubi Abdulghaffar na ga jijiyar wuyansa ta tashi, irin tashin da take yi kafin alƙalin wasa ya kore shi daga fili. Ya ɗora yatsa a kan takardar ya tsayar da biron.

"Raba shi biyu," in ji shi. "So, Namu. Hausa ce, yaren uwata. Rubuta shi haka."

Na kusa ƙwarewa da shayi. Mutumin da ya taɓa yin wata guda ba ya gaishe ni saboda na raba sunan nan a jikin allo! Nawaf ya ce ai yanzu ya gama cewa na Koriya ne. Abdulghaffar ya ce ɗazu ne, yanzu Hausa ce, kuma in ba ta da wuri a takardar, to mu ma ba mu da shi. Nawaf ya daina dariya, ya ce shi umarni aka ba shi. Abdulghaffar ya yi godiyar shayi ya miƙe, na bi shi. Tariq bai taso ba.

Muka zauna a mota, rana na dukan gilashi. Abdulghaffar ya riƙe sitiyari da hannu biyu bai tayar ba. Ya ce mini ya san abin da ya yi wa yaron, kuma in Tariq ya rubuta wani suna ba zai ga laifinsa ba, shi dai ba da hannunsa ba. Tsoro nake ji a muryarsa, na kuwa san shi tun ba mu da gemu ban taɓa jin haka ba. Na ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri.

An fi minti ashirin kafin Tariq ya fito. Ya shiga baya ya buga ƙofa, ya wurgo takardar gaban mota. Ba hatimi a jikinta. A gurbin suna, da rubutunsa, kalma biyu ne, ya bar tazara tsakaninsu har akuya ta iya wucewa. Idonsa ya yi ja, ba ya kallon kowa.

Abdulghaffar ya daɗe yana duban takardar, sannan ya ce, "Ɗana, ni na hana ka."

"Na sani, Baffa," in ji Tariq. "Yalla, tayar da mota. Yara na jira a fili."